Langalanga Da Tiyo: Makon Farko Na Sabon Ɗan Gadina

Akwai wasu ma'aikata da ɗalibin jami'a ke wucewa ta gabansu kowace safiya, amma da wuya ya iya faɗin sunan ko da ɗaya daga cikinsu. Su ne masu yankan ciyawa da ban ruwa ga furanni da aske shinge da dasa itatuwa a bakin hanya, watau waɗanda aka saba kira 'yan gadina. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in yi magana a kan yadda mutum ke shiga wannan aiki, musamman makonsa na farko, domin a ganina cikin waɗannan 'yan kwanaki ne ake yanke hukuncin abubuwa biyu. Na farko, ko ma'aikacin zai zama mai sana'a ko kuwa zai dawwama lebura. Na biyu, ko itatuwan da aka damƙa masa za su rayu har su ga damina ta biyu.

Bari mu fara duba yadda ake ɗaukar mutum. Ɗan kwangila ne ke karɓo aikin wata haraba, ko ta ma'aikata ko ta makaranta ko ta gidan wani mai hali, sa'an nan ya bar wa heluma neman mutane. Shi kuwa heluma ba ya yin cigiya. Wani daga cikin tsofaffin ma'aikata ne zai zo da ƙanensa ko ɗan garinsu, ya ce, "Maigida, ga yaron da na yi maka magana." Heluma ya dubi ƙirjinsa da damatsansa, ya ce, "Kai yaro, ka iya aiki?" Yaro ya ce, "Na iya, Baba." Shi ke nan an gama jarrabawa. A miƙa masa langalanga ko tiyo, a nuna masa da yatsa daga nan zuwa can, kowa ya kama gabansa. Ba wanda zai gaya masa sunan ciyawar da zai yanka, ko tsawon da ake so a bar mata, ko wane tsiro ne aka shuka da gangan, wane ne kuma ya fito don kansa. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido, to ga makaho an ba shi ƙarfe mai kaifi an sake shi cikin dashen da aka sayo da kuɗi.

Masu shigowa wannan aiki iri biyu ne. Akwai ɗan ci-rani, wanda ya gama girbi ya ɗaure amfaninsa, ya shigo birni neman abin da zai kai shi ga faɗuwar ruwa. Akwai kuma ɗan birni, wanda ya gama sakandare, wani lokaci ma har da babbar makaranta, aikin ofis ya gagara. A yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas cur daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗalibai da dama sun ɗanɗana aikin ƙarfi, wasu a wurin gini, wasu a gona, wasu a gadina. (Malamaina za su gafarce ni, ban kawo wannan don tayar da tsohon miki ba.) Ɗan ci-rani yana da ƙarfi da juriya, ya kuma san ƙasa, sai dai noman gero daban yake da renon ciyawar ado. A gona ciyawa abokiyar gaba ce, a nan kuwa ita ce amfanin gonar. Ɗan birni kuma yana iya karanta rubutun jikin kwalbar magani, amma hannunsa bai taɓa yin kanta ba. Kowannensu na buƙatar koyarwa irin tasa, kuma babu wanda ke samunta.

Me ya sa haka? Na tabbata ba mugunta ce ta heluma ba. Tushen abin shi ne ba mu ɗauki aikin a matsayin sana'a ba, kuma wannan raini yana da tarihi. Bahaushe ya san lambu tun kaka da kakanni, ya san fadama da jigo da fangali, ya san shingen aguwa da na lalle, ya san inuwar durumi da ceɗiya a ƙofar fada. Abin da bai sani ba shi ne a shimfiɗa fili da ciyawar da dabba ba za ta ci ba, a riƙa shayar da ita da rani, in ta yi tsawo kuma a biya wani ya aske ta a zubar. Wannan ya zo ne da Turawan mulki da unguwanninsu, irin Nasarawa ta Kano. Dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Gwamna Lugga ta tanadi fili mai faɗin yadi 440 wanda ba a gini a cikinsa tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa hujjar gudun sauro. Filaye irin waɗannan sai da sara da shara, masu yi kuwa leburori ne da fursunoni. Daga baya makarantun boko suka gaji al'adar, har yankan ciyawa ya zama horon ɗalibin da ya makara ko ya yi surutu a aji. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya san langalanga a matsayin hukunci kafin ya san ta a matsayin kayan aiki. To yaya za a yi mutumin da aka rena a haka ya girma ya ga ilimi a cikinta?

Har wa yau, masanin nan M. G. Smith, a rubutunsa na 1959 game da matsayin mutane a al'ummar Hausawa, ya nuna bambancin da ake yi tsakanin karda, watau sana'ar gado, da shigege, watau wadda mutum ya faɗa cikinta da rana tsaka. Ɗan maƙeri yana fara zuga tun yana ƙarami, ɗan marini yana tsaye bakin karofi shekara da shekaru kafin a yarda masa ya haɗa baba. Sana'ar gado tana da sarki, tana da kirari, tana da matakan koyo. Aikin gadina shigege ne tsantsa, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ɗan abin da ya taɓa samu mai kama da gado shi ne tsohon gadina na dindindin, wanda kan yi shekara 20 ko 30 a haraba ɗaya, ya san kowace bishiya da shekarar da aka dasa ta, sabon ma'aikaci kuma ya koya a gindinsa. Gyare-gyaren aikin gwamnati na zamanin mulkin Obasanjo, tsakanin 1999 da 2007, sun mayar da ayyuka irin su shara da gadi da gadina hannun 'yan kwangila a ma'aikatun tarayya da yawa. Wataƙila an sami sauƙin kuɗi, amma an yanke igiyar da ilimin ke bi daga tsoho zuwa yaro.

Mai karatu na iya cewa, wane ilimi ne a cikin haƙa rami da zuba ruwa? Bari mu ɗauki dashen itace guda ɗaya mu gani.

Ana kawo dashe daga wurin reno cikin baƙar leda. Sabon hannu, saboda an ba shi guda 50 ya dasa kafin azahar, yakan haƙa rami daidai girman ledar, ya jefa dashen a ciki, wani lokaci ma da ledar gaba ɗaya, ya tura ƙasa da ƙafa ya wuce. Alhali kuwa ramin faɗi yake so fiye da zurfi, kamar ninki biyu ko uku na dunƙulen ƙasar da ke jikin saiwa, domin saiwoyin da ke sha da ci a kaikaice suke tafiya kusa da saman ƙasa. Tilas a yage ledar a cire ta, in kuwa saiwa ta riga ta nannaɗe a ƙasan leda kamar gammo, sai a warware ta, in ba haka ba za ta ci gaba da zagaye kanta har ta shaƙe itacen bayan wasu shekaru. Tilas kuma a kula da wuyan dashen, watau inda saiwa ta ƙare kara ya fara. Nan ne iyakar ƙasa. In an binne wuya, ɓawon wurin ya riƙa zama cikin laima har ya ruɓe, itacen kuma ya mutu a tsaye ba tare da kowa ya san dalili ba. Takin da za a sa masa ya zama wanda ya ruɓe ya huce, domin ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ɗanyen kashin shanu da kara kuma gayyatar gara ne. Sa'an nan da yamma ake dashe, lokacin da rana ta yi sanyi, ko ranar da hadari ya rufe, kuma a farkon damina bayan ruwa ya zauna, don dashen ya sami wata biyu ko uku yana kafa saiwa kafin ruwa ya ɗauke.

Ban ruwa ma haka yake. Wanda aka miƙa wa tiyo ba bayani yakan bi layi yana yayyafa wa kowane dashe ɗan ruwa kullum, ƙasa ta yi duhu a ido, heluma ya ga an yi aiki. Wannan ruwa bai wuce zurfin yatsa ba, saboda haka saiwa sai ta taso sama tana binsa, ranar da famfo ya ɗauke kwana uku a watan Afrilu kuwa sai dashen ya bushe. Abin da ya dace shi ne a yi wa gindin ɗan gurbi kamar ƙwarya, a cika shi ruwa ya nutse sosai, a bar shi kwana biyu ko uku gwargwadon irin ƙasar, a kuma rufe gurbin da busasshiyar ciyawa ba tare da ta taɓa karan ba. Jigawa da laka ba ruwa ɗaya suke sha ba, wannan kuwa ɗan ci-rani ya fi kowa sani, da za a tambaye shi.

Akwai kuma ɓarnar da ita langalangar ke yi, da ɗan'uwanta na zamani, injin nan mai igiya da ake ratayawa a kafaɗa. Mai yanka yana son wuri ya yi tsaf har gindin bishiya, saboda haka sai ya riƙa dukan ɓawon ƙaramin itace ba da saninsa ba. Ta cikin ɓawon nan ne abincin da ganye ya sarrafa ke sauka zuwa saiwa. In aka sassaƙe shi zagaye, an yanke wa saiwa abinci ke nan, ko da ganyen ya ci gaba da kore na ɗan lokaci. Bayanin wannan bai fi minti biyu ba, amma na sha ganin layin ƙananan itatuwa kowanne da tabo a idon sawunsa. Duka waɗannan abubuwa da na zana, heluman da ya san aikinsa zai iya nuna su a safiya ɗaya, ya dasa biyar yaro na kallo, yaro ya dasa biyar yana kallo.

Mu bar itace mu koma kan mutum, domin shi ma makon farko ne ya fi masa hatsari. A bazara zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yakan haura digiri 40. Jikin ɗan Adam yana sabawa da aiki cikin zafi, amma sai ya ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. A Amurka, inda aikin gyaran ciyawa da dashe babbar sana'a ce mai kamfanoni, hukumomin kula da lafiyar ma'aikata sun lura cewa yawancin masu mutuwa saboda zafi a bakin aiki cikin kwanakinsu na farko suke mutuwa. Don haka suka ba da shawarar kada sabon ma'aikaci ya wuce kashi 20 cikin 100 na aikin yini cikin zafi a ranar farko, a riƙa ƙara masa kashi 20 kowace rana har ya cika. A wurinmu akasin haka ake yi. Sabo ne ake tura wa wurin da ba inuwa da baro mafi nauyi, wai don a gwada shi, shi kuma saboda kunya da tsoron kada a ce rago ne ba zai nemi hutu ba, ko da kansa na sarawa, idonsa na ganin duhu. Ɗan ci-rani yana iya jurewa. Ɗan makarantar da ya fito daga ɗaki fa?

Ga kuma maganin feshi. Daga cikin magungunan kashe ciyawa da aka saba gani a kasuwanninmu akwai masu ɗauke da gubar da ake kira farakwat, wadda ba ta da makari in an sha, wadda kuma Tarayyar Turai ta hana amfani da ita tun 2007. Sau nawa muka ga yaro goye da tankin feshi yana ɗiga a bayansa, ƙafarsa cikin silifa, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, in ya gama kuma ya wanke hannu sama-sama ya sa cikin kwanon garau-garau? Kuma wanda zai shiga doguwar ciyawa bayan damina ya kamata a ce yana da takalmin roba mai tsawo, domin kububuwa da kasa ba sa tambayar ko yau ka fara. Kuɗin takalmin nan bai kai kuɗin allurar makarin dafi ɗaya ba.

Sai maganar lada. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 7, ta wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana irin aikinsa da ladansa da sharuɗɗan sallama, kafin cikar wata uku da fara aiki. Da wuya ka sami ɗan gadina mai irin wannan takarda. A watan Yuli na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, ba ta kuma shafi masu aikin jinga da na ɗan lokaci ba. Ƙungiyar 'yan gadina kuwa sau da yawa mutum 8 ce ko 10, ana biyansu kullum ko mako-mako. Watau dokar ta bi ta samansu ta wuce. Wanda bai san ko gobe za a ce ya dawo ba, ina zai sa hankalinsa ga itacen da sai bayan shekara 5 zai yi inuwa?

Na san amsar da ɗan kwangila zai bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce, "Malam, in na ɓata mako guda ina koya wa yaro, ruwan farko na sauka zai tattara ya koma gonarsu, ko kuwa wani ya ƙara masa ɗari biyar ya ɗauke shi. Ni kuma ana biyana ne a kan yawan abin da na dasa." Kashi na farko na maganarsa gaskiya ne, sai dai ɗan ci-rani yakan koma inda ya ji daɗi bara, kuma wanda aka koya wa bana shi ne heluman baɗi. Kashi na biyu kuwa shi ne ainihin ciwon. Muddin ana biyan kwangila a kan adadin ramukan da aka cika ranar da manya za su zo duba aiki, babu wanda zai damu da wuyan dashe. Da masu ba da aiki za su riƙe wani kaso na kuɗin sai bayan bazarar farko, a zo a ƙirga itatuwan da ke raye, da ɗan kwangila da kansa zai tsaya a kan sabon yaro har ya iya. Wannan bai tsaya ga harabar makaranta ba. Tarayyar Afirka ta amince da shirin kafa gandun itatuwa daga yammacin nahiyar zuwa gabashinta a 2007, Nijeriya kuma ta kafa hukumar shirin a 2015 domin jihohi 11 na Arewa. Kowane dashe a cikin wannan babban aiki ta hannun wani lebura zai bi, kuma leburan nan yana da ranarsa ta farko.

Akwai wata matsalar da ba a cika faɗa ba, ita ce rowar sani. Tsohon ma'aikaci yana tsoron in yaro ya iya, za a sallame shi a riƙe yaron da rabin kuɗi. Ba za a zarge shi ba, tun da ya ga an yi wa wasu. Maganinta shi ne koyarwar ta zama aikinsa da ake biyansa a kai, a kira shi malamin aiki, a bambanta ladansa. A Jamus mai son zama gadina shekara 3 yake yi yana koyo, wani lokaci a wurin aiki wani lokaci a makaranta, ya fito da takardar shaida. Mu ma muna da kwalejin koyon aikin lambu ta tarayya a Daɗin Kowa ta Jihar Gombe, da ta gandun daji a Jos, sai dai masu fitowa daga can ofis suke nufa, ba su ne ke riƙe da tiyo ba. Ban ce a kai kowane lebura kwaleji ba. Mako ɗaya nake roƙo, a gindin wanda ya sani.

Kada kuma a ɗauka koyarwar hanya ɗaya za ta bi, daga heluma zuwa yaro. A yankin Maraɗi na Jamhuriyar Nijar, tun daga 1983, wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya haɗa kai da manoma wajen renon tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture a gonaki, a zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Manoman suka sa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5, galibi ba da leda ko tiyo ba. Da yawa daga 'yan ci-ranin da ke shigowa Katsina da Kano daga wannan yanki suke. Yaron da aka miƙa wa langalanga aka ce ya share komai, mai yiwuwa ya san cewa ɗan tsiron can gawo ne, itacen da ke kakkaɓe ganye da damina ya yi kore shar da rani, lokacin da ake neman inuwa ido rufe. Zai sare shi, domin haka aka umarce shi, a dasa wani baƙon fure mai shan ruwa kamar raƙumi a gurbinsa.

A nan ne nake ganin mu ɗaliban Hausa muke da abin yi, kuma a bakin ƙofar sashenmu yake. Wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga tun 1916, ga shi mu da harshen yake namu muna wuce masu sanin sunayen nan ba ko sallama. Itace ɗaya, wanda aka fara dasawa a Barno a 1928, wani ya kira shi darbejiya, wani dogonyaro, wani bedi, wani maina, kuma a ƙungiyar gadina guda kana iya jin uku daga ciki, gwargwadon garuruwan da ma'aikatan suka fito. A bakinsu ne kuma za a ji yadda heluma da lebura da shebur da diga da baro suka baro Ingilishi suka zauna daram cikin Hausa, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da fartanya da lauje da manjagara. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digirinsa a kai, ga shi nan. In ya zauna da tsofaffin 'yan gadina na zango ɗaya, zai fito da kalmomi da bayanin aiki da za su isa a haɗa ɗan littafi mai shafi 20 ko 30, da boko da ajami, tun da yawancin 'yan ci-rani allo suka yi. A sa zanen ramin dashe da inda wuya ke tsayawa, da gurbin ruwa, da alamomin bugun zafi, da abin da ake sawa kafin a goya tankin feshi, a miƙa wa heluma ya riƙa buɗe wa duk wanda aka kawo masa ranar Litinin.